LACCA A DAKKO: WA KE YANKA WA MALAMI ALBASHI?

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon malamin makaranta ya yi a gaban taron malamai da iyayen yara a garin Dakko, cikin ƙasar Bakura. Mun buga shi dukansa yadda ya faɗe shi, don masu karatu su auna da kansu.



An ce in yi muku magana a kan albashin malamin makaranta, watau nawa ne, kuma mene ne ke ɗaga shi ko ya danne shi. Na sani akwai waɗanda ke jin nauyin wannan magana, har cikin malaman kansu, domin tun muna yara ake gaya mana ladan malami yana Lahira. Ban musa ba. Amma dai na daɗe ina zuwa kasuwar Mafara ran Talata, ban taɓa ganin mai awo ya karɓi lada ya ba da tiyar gero ba. Saboda haka ku yi mini haƙuri, yau maganar duniya za mu yi, kuma da lissafi za mu yi ta.

Kafin zuwan boko, malami a ƙasar nan bai san wani abu wai shi albashi ba, amma kuma bai kwana da yunwa ba. Yara suna kawo kuɗin Laraba, almajirai suna nome masa gona, ran da yaro ya sauke uban yaro ya kai abin da ya sawwaƙa, da kaka kuma a kai masa dami. Abin lura a nan shi ne, mai biya yana ganin malamin da idonsa, malamin kuma ya san ƙofar gidan mai biya. In aka gaza masa, gari duka ya sani, kuma abin kunya ne. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Da Turawa suka zo suka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, don ta fitar da malamai suka buɗe ta. Sir Ahmadu Bello can ya fito a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato har 1934, kana aka naɗa shi hakimin Rabah. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne a Bauchi. Alhaji Abubakar Imam malami ne a Katsina kafin ya tafi aikin jarida Zariya. Alhaji Shehu Shagari malami ne a Sakkwato da Argungu. Ana yawan kawo sunayen nan don a nuna darajar malanta, to gaskiya ne, amma ku dubi ɗaya gefen: ba ko ɗaya daga cikinsu da ya tsufa da alli a hannu. Tun wancan zamani aji wurin tsayawa ne kafin a sami abin da ya fi.

Shi ya sa a 1948 Malam Aminu Kano da abokansa suka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa, don neman gyaran albashi da sharuɗɗan aiki, a lokacin da buɗe baki a gaban En'e ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ba nesa da mu ya yi aikinsa na ƙarshe ba. Nan Maru, bisa hanyar Gusau, aka kawo shi makarantar horon malamai a 1949, daga nan ya ajiye aiki a 1950. Ashe kun ga kukan da muke yi yau ya girmi yawancinmu, kuma a ƙasar Zamfara aka yi wani sashe nasa.

To, yanzu bari in gaya muku yadda ake gina albashi a takarda, don iyayen yara su gane. Tun bayan Hukumar Udoji ta 1974 aka jera ma'aikatan gwamnati a matakai 17. Takardar shaidar da ka zo da ita, ita ke nuna matakin da za a aza ka. Mai NCE, wadda ita ce mafi ƙanƙantar takardar da doka ta yarda a koyar da ita yanzu, bisa ƙa'ida mataki na 7 yake farawa. Mai digiri mataki na 8. Kowane mataki kuma yana da 'yan hawa-hawa a cikinsa, kowace shekara a ɗan ƙara maka wani abu, bayan kamar shekara uku in ka cancanta a ɗaga ka zuwa mataki na gaba. A kan wannan sai a ɗora alawus da kuɗin hutu, sa'an nan a zare haraji da kuɗin ƙungiya da sauran yanke-yanke. Abin da ya rage shi ne ke shigowa wayarka.

Haka yake a littafi, kuma in da haka yake a ƙasa da ban tsaya a nan ba. Ni da ke gabanku na riƙe takardar ƙarin girma shekara huɗu a cikin jakata, har gefenta ya tsufa, albashina bai motsa da ko sisi ba. Ba zan faɗi ofishin ba, don ba shi ne abin nufi ba. Duk zuwan da na yi sai a ce a dawo, ana kan aiki. Ran da kuɗin suka fara fitowa, bashin shekarun nan huɗu ba wanda ya sake ambatarsa. Na ga kawuna suna gyaɗawa a can baya, watau ba ni kaɗai ba ne.

Don haka nake cewa, takarda da shekarun aiki da ƙwazo duk suna da tasiri, amma ƙanana ne. Babban abin da ke yanka wa malami albashi a ƙasar nan shi ne tukunyar da ake ɗebo kuɗinsa, da kuma hannun da ke riƙe da ludayin.

Ku ɗauki yara uku da suka gama kwaleji rana ɗaya, da takarda iri ɗaya. Ɗaya ya sami aiki a makarantar Gwamnatin Tarayya, ɗaya a sakandaren jiha, ɗaya a firamare nan Dakko ko Rini ko Damri. Na farko daga Abuja ake biyansa, ran da aka sa hannu a sabon albashi shi ne farkon gani. Na biyu daga baitulmalin Gusau, sai abin da jiha ta ce za ta iya. Na uku kuwa, kuɗinsa daga kason ƙaramar hukuma suke fita. Amma kason nan ba ya zuwa Bakura kai tsaye. Tsarin mulki na 1999, sashe na 162, ya ce a zuba kuɗin ƙananan hukumomi a wani asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Daga nan ake cire albashin malamai, hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha ta biya. Saboda haka malamin firamare bawan iyayengiji uku ne. Tarayya ce ke yanke dokar albashi, jiha ce ke riƙe da asusu, sunan ƙaramar hukuma ne a kan kuɗin. In albashi ya yi kaɗan ka je wurin ciyaman ya ce ba ya hannunsa, ka je jiha a ce ai kai ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, ka ɗaga kai Abuja a ce ilmin firamare ba aikinta ba ne. A da uban yaro ne mai biya, ka san ƙofarsa. Yau mai biya ba shi da ƙofa.

Wani zai ce, ai akwai kuɗin UBE. Akwai. A Sakkwato ma Obasanjo ya ƙaddamar da shirin, ran 30 ga Satumba 1999, aka yi masa doka a 2004, aka ware masa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya. Amma yawancin kuɗin nan na gina azuzuwa ne da kujeru da littattafai da horo, ba na albashi ba ne. Shi ya sa za ka ga aji sabo fil da fenti da kwano mai walƙiya, malamin da ke ciki takalminsa ya sha ɗinki. Gini yana da ɗan kwangila mai bin sawunsa a ofis. Albashi ba shi da kowa.

An taɓa gwada wata hanya. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa, ana ware kuɗin malamai tun daga sama. A 1991 aka rushe ta aka miƙa makarantu ga ƙananan hukumomi, tsofaffin malaman da ke nan sun tuna abin da ya biyo baya, wata da watanni ba albashi, yajin aiki ko'ina, har dole aka mai da hukumar a 1993. Na kawo wannan ne saboda hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ran 11 ga Yuli 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukunci ne mai kyau, ina goyon bayansa. Amma malamai suna da dalilin fargaba, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. In dai za a canja hannun da ke riƙe da ludayi ne kawai, ba a ware rabon malami tun kafin a sauke tukunya ba, to tsugune ba ta ƙare ba.

Yanzu mu zo ga lissafi. Akwai dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta ce kada a biya ma'aikaci ƙasa da kaza. A 1981, zamanin Shagari, naira 125 ne. A 2011 Jonathan ya sa hannu a kan naira 18,000. A watan Afrilu 2019 Buhari ya sa hannu a kan 30,000. A ƙarshen Yuli 2024 Tinubu ya sa hannu a kan 70,000. Ku lura, wannan adadi na mai mataki na ɗaya ne, watau masinja da mai shara. Malami mai NCE ya kamata a ce yana sama da shi da tazara, don in aka ɗaga ƙasa sai a yi ciniki a ɗaga na sama. A 2019 Tarayya ta yarda ta ƙara wa nata ma'aikata na mataki na 7 kashi 23.2 cikin ɗari, na mataki na 8 kashi 20, aka bar kowace jiha ta yi nata cinikin da ƙungiyoyin ƙwadago.

To mu a Zamfara me muka gani? A watan Mayu 2024 gwamnatin jiha ta ba da sanarwar za ta fara biyan 30,000 daga watan Yuni. Dokar da aka sa wa hannu a 2019 ke nan. Shekara biyar tana tafe daga Abuja kafin ta iso Gusau, ko da jaki aka ɗauko ta ai ta yi nawa. Kuma ta iso da wata guda sai aka soke ta aka kawo ta 70,000. A cikin shekarun nan shugabannin ƙwadago na jihar nan sun sha gaya wa jaridu cewa akwai malaman firamare da abin da suke karɓa a wata bai kai naira 10,000 ba. Ba na bukatar jarida ta gaya mini, ku ma ba ku bukata. A watan Afrilu 2025 kuma shugaban ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta ƙasa ya ce jihohi wajen 20 ba su fara biyan malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi 70,000 ba a lokacin, ya ambaci Zamfara a cikinsu. Kada ku ce mu kaɗai ne. A cikin Abuja kanta, inda aka sa hannu a dokar, malaman firamare sun rufe makarantu fiye da wata uku a 2025 a kan wannan magana, don su ma daga tukunyar ƙananan hukumomi ake biyansu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku cutar ba ta nisa da birni ba ce, ta tsari ce.

Ga wani abin da ya fi ci mini rai. A 2016 Tarayya ta fito da shirin N-Power, ta turo matasa makarantunmu su taimaka, tana ba kowanne naira 30,000 a wata. Ɗan bautar ƙasa kuma daga 2020 yana karɓar 33,000, a 2025 aka mai da shi 77,000. Ba na ƙyashin yaran nan, Allah ya ƙara musu. Amma ku auna zuciyar malamin da ya shekara ashirin a aji, aka kawo masa yaron da shi ya koya wa baƙi da wasali ya zama mataimakinsa, ƙarshen wata mataimaki ya fi shi ɗauka. Ba ilmi ya raba su ba, ba aiki ba. Tukunya ce.

A nan zan faɗi wata magana wadda wataƙila ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Mu talakawa muna da wata al'ada, in abu ya dame mu sai mu ce ai don ba namu ne a sama ba, ran da namu ya hau za mu sha romo. To mu mutanen wannan yanki ba mu da bakin faɗin haka. Daga 1999 zuwa 2007 Yariman Bakura, Alhaji Ahmad Sani, shi ne gwamna. Daga 2011 zuwa 2019 Alhaji Abdul'aziz Yari na Talata Mafara. Daga 2019 zuwa 2023 Alhaji Bello Matawalle na Maradun. Ku ƙidaya, shekara 20 ke nan cikin 24 ludayin yana hannun 'ya'yan ƙananan hukumomin nan uku. Kowannensu ya yi ayyukansa, masu yabo suna nan suna yabo, ba wannan ya kawo ni ba. Tambayata ɗaya ce, ka buɗe takardar albashin malamin Dakko ta shekarun nan ka nuna mini inda zama ɗan gida ya amfane shi. A 2018, sa'ad da ake cinikin 30,000, Gwamna Yari ne shugaban ƙungiyar gwamnonin Nijeriya, kuma da bakinsa aka sanar da ƙasa cewa gwamnoni 22,500 za su iya, in an matsa sai dai a rage ma'aikata. Ban ce shi kaɗai ya yanke ba, matsayin gwamnoni ne gaba ɗaya. Abin da nake so ku gane shi ne, wanda ya hau kujerar nan lissafin kujerar yake yi, ba na garinsu ba. Don haka neman namu a sama ba zai ƙara wa malami kwabo ba. Ƙa'ida ce za ta ƙara masa, wadda za ta ɗaure namu da wanda ba namu ba.

Gwamnatin da ta hau a 2023 ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Nuwamba na shekarar, ta kuma faɗa da bakinta cewa ta tarar da bashin garatuti na biliyoyin naira wanda tsofaffin ma'aikata suka shekara suna jira. Abin da aka biya mun gani, ba mu hana yabo. Amma ma'aunin da muka auna na baya da shi, da shi za mu auna ta, watau abin da ke shiga aljihun malamin ƙauye, da kuma abin da kuɗin ke iya saya.

Domin adadi yana ruɗi. Naira 125 ta 1981 ta haura dala 200 a canjin lokacin. Naira 30,000 ta 2019 kamar dala 83 ce. Naira 70,000 ta 2024, ran da aka sa mata hannu, kamar dala 45. Sifili yana ƙaruwa, tuwo yana raguwa. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. A shekarar nan ta 2024 buhun shinkafa guda ya fi ƙarfin sabon albashin gaba ɗayansa, mu kuwa da ke zaune a bakin ruwan Bakolori, mu ke noma ta. Malamin da ke zaune Mafara ko Bakura aka tura shi ƙauye, a babur yake zuwa. Ya zuba mai safe da yamma kwana ashirin da wani abu, sai ya tarar aikin yake ciyarwa, ba aikin ke ciyar da shi ba. In albashi ya shigo ma sai ya ba mai POS nasa kaso kafin ya ga kuɗin a hannu. Me zai yi? Sai ya je aji Litinin da Talata, Laraba ya tafi fadama, ko ya ɗauki fasinja a babur ɗin. Ku iyaye kuna ganinsa kuna zagi. Ni ba na wanke shi, amma kafin ku zage shi ku tambaye shi nawa ya karɓa.

Alkawari kuwa mun sha shi har mun ƙoshi. A 2008 ƙungiyar malamai ta NUT ta yi yajin aiki na makonni a ƙasa duka, gwamnoni suka yarda da ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari musamman don malamai. Wasu jihohi suka biya, wasu suka biya rabi, wasu sai da aka shekara ana ja-in-ja. Ran 5 ga Oktoba 2020, ranar malamai ta duniya, aka karanta jawabin Shugaba Buhari a Abuja, aka yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, da alawus na zaman ƙauye, da na malaman kimiyya, da gidaje masu sauƙin kuɗi, da ƙarin shekarun aiki. Aka yi ta tafi. A cikin jerin nan, wanda ya zama doka a 2022 shi ne na shekaru, watau malami ya yi ritaya yana da 65 ko bayan aikin shekara 40, maimakon 60 da 35. Ku dubi ikon Allah. Wanda ke bukatar kuɗi ya maƙale, wanda ke cewa ka ƙara shekara biyar a kan wannan albashin shi ya fita sumul.

Alawus na zaman ƙauye da na ambata, a wasu wurare kuɗin ƙura ne da rashin lantarki. A wurinmu kuɗin rai ne. Ran 26 ga Fabrairu 2021 aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe cikin ƙasar Mafara aka kwashe yara, 279 aka sako bayan kwana huɗu. A watan Agusta na shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ran 1 ga Satumba aka kwashe yara 73 a sakandaren Kaya cikin ƙasar Maradun, aka rufe makarantun jiha, aka yanke layukan waya. Ƙananan hukumomin nan uku, kowacce ta ɗanɗana cikin wata bakwai. Malamin da ya koma aji bayan wannan, a kan hanyar da ya san ana tare mutane, albashinsa ɗaya ne da na wanda ke koyarwa a tsakiyar Gusau yana komawa gida da ƙafa. To wa zai zaɓi ƙauye? Duk mai ɗan'uwa a ofis sai ya nemi a mai da shi gari. Makarantar birni malamai sun yi yawa har suna zaman hira a gindin bishiya, ta ƙauye malami ɗaya ko biyu da aji shida. Rashin alawus ɗin nan ba malami kaɗai yake cuta ba, ɗan talakan Dakko ne ke biyansa da ƙuruciyarsa.

Na san amsar da mahukunta za su bayar, kuma ba duka ce ƙarya ba. Za su ce jiha ba ta da kuɗin shiga na kirki, sai abin da aka aiko daga Abuja. Za su ce takardar albashi cike take da sunayen boge, da jarirai, da matattu, da 'ya'yan manya da ba su taɓa taka aji ba. Za su ce wasu malaman ba su iya abin da suke koyarwa ba, su kawo misalin Kaduna, inda a 2017 aka yi wa malamai 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa. Na yarda akwai baragurbi a cikinmu, kuma ƙungiyarmu ta yi kuskure duk lokacin da ta kare su. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Malamin aji ba shi da alƙalamin sa suna a takardar albashi. Wanda ya sa sunan jariri yana ofis, kuma duk tantancewar da ake yi, mu ke layi a rana da takardunmu, albashinmu ne ake tsayarwa wata biyu saboda kuskuren harafi, ban taɓa jin an kai mai alƙalamin gaban alƙali ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Batun rashin ƙwarewa kuma, wane yaro mai ƙoƙari ne zai zaɓi kwalejin ilmi ta Maru da son ransa, alhali ya ga yadda malaminsa ya ƙare? In ka sa farashin jaki, kada ka yi fushi don ba a kawo maka doki ba. Game da rashin kuɗi, kowa ya sani tun da aka janye tallafin mai a 2023 kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa ya ƙaru ƙwarai, ana buga shi kowane wata.

Ba zan sauka ban ambaci 'yan'uwanmu na makarantun kuɗi da Islamiyya ba. Su ko tukunyar ma ba su da ita. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, yawancin makarantun nan kuwa ba su kai ba. Abin da mai makaranta ya ga dama shi ne albashi, in an yi hutu wasu ba a biya, kuma mata ne suka fi yawa a ciki.

To me muke nema? Ba mu neman sadaka. Muna so a liƙa sunayen malaman kowace makaranta da matakinsu da albashinsu a jikin bangon makarantar, kamar yadda ake liƙa sunayen masu zaɓe, don mutanen gari su ga wa ake biya da sunansu, su faɗi wanda ba su taɓa gani ba. Wannan ba ya cin kuɗi, takarda ce da ƙusa, kuma zai kori na boge fiye da kwamiti goma. Muna so majalisar jiha ta yi doka cewa ran da sabon albashi ya fara ga ma'aikacin Gusau, ran nan zai fara ga malamin firamare, kuma a ware kuɗinsa kafin a taɓa kason ƙaramar hukuma don wani abu. Muna so takardar ƙarin girma ta zo da kuɗinta, in an yi jinkiri ya zama bashi a kan hukuma. Muna kuma so a yanka alawus na ƙauye a rubuce, gwargwadon nisa da hatsarin hanya, a biya wanda mai unguwa da iyayen yara suka shaida yana kwana a garin.

Ƙananan hukumomin nan uku duk suna da wakilai a majalisar Gusau, kuma za su zo neman ƙuri'a har ƙofar gidajenku. Kafin su zo, ina roƙon kowane malami da ke nan ya kawo wa sakataren taron nan kwafin takardar ɗaukarsa aiki, da ta ƙarin girmansa ta ƙarshe, da saƙon banki na wata uku. Za mu jera su makaranta makaranta, mu rubuta abin da doka ta ce a gefe ɗaya, abin da ya shigo a ɗaya gefen, ba tare da sunan kowa ba don kada a bi mutum da bi-ta-da-ƙulli. Wanda ke tsoron a gan shi ya aiko ta hannun liman ko mai unguwa. Za mu fara karɓa ran Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, a nan inda muke zaune.